Malama Eva, matar da ta leƙa cikin ƙwayar masara

A shekara ta 2017 wata tsohuwa ta rasu a ƙasar Meksiko, tana da shekara 92. Sunanta Evangelina Villegas, amma abokan aikinta Eva suke ce mata. Ba sarauniya ba ce, ba minista ba ce. Malamar bincike ce. Aikinta shi ne auna abin da ke cikin tsaba, wato alkama da masara. Ya kamata manomi da makiyayi su ji labarinta, domin aikin nata ya taɓa kunun yaron da aka yaye, ya kuma taɓa yaron da ake turawa gona korar tsuntsaye.

Meksiko ƙasa ce mai nisa, can bayan babban teku, kudu da Amurka. Can ne asalin masara. Mutanen can sun fara noma ta tun wajen shekara dubu 9 da suka wuce. Sunan da Bahaushe ya ba ta yana nuna Masar, amma ba Masar ce mahaifarta ba. Yadda hatsi yake ga mutumin Damagaram ko na Adar, haka masara take ga talakan Meksiko. Ita ce ta safe, ita ce ta dare. Suna yin wata waina mai faɗi da ita, su ci da wake da barkono.

An haifi Malama Eva a babban birnin ƙasar a shekara ta 1924. A lokacin, ƴan mata kaɗan ne suke yin karatu mai zurfi. Ita ta yi. A 1948 ta gama babbar makarantar fasaha ta ƙasarsu, inda ta koyi ilimin sinadarai da ilimin halittu. A 1950 ta kama aiki a ma'aikatar binciken cimaka. Ta kuma yi tsaron ɗakin littattafai a wani ofishi da gwamnatin Meksiko da gidauniyar Rockefeller ta Amurka suka buɗe domin gyaran noma. Tsaron littattafai ƙaramin aiki ne ga mai irin karatunta. Amma ta nan ta shiga, kuma a 1957 ta fara aikin auna ingancin alkama.

A ofishin nan akwai wani Ba'amurke, Norman Borlaug, wanda ya fitar da alkama mai gajeren kara da yawan tsaba. Daga baya, a 1970, an ba shi kyautar Nobel saboda wannan. Shi yana gona yana haɗa iri. Ita tana ɗakin gwaji tana niƙa alkamar, tana duba ko garinta zai yi burodi mai kyau. Tun nan ta saba da wata gaskiya da kowace matar gida ta sani. Iri yana iya cika rumbu, amma in bai yi tuwo ba, baɗi ba mai shuka shi.

Ta koma karatu a Amurka. A 1962 ta samu digiri na biyu a jami'ar jihar Kansas. A 1967 ta samu digirin dokta a jami'ar jihar Dakota ta Arewa, ta riga ta wuce shekara 40. Masu zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfura a kai su riƙe wannan. Gemu ba ya hana ilimi, ɗankwali ma haka. A wannan shekarar ta shiga sabuwar cibiyar gyaran irin masara da alkama ta duniya, wadda ake kira CIMMYT, da aka kafa a 1966 kusa da garin Texcoco. Nan ta zauna har ta ajiye aiki.

To, mene ne laifin masara, har ake neman gyara ta?

Masara tana ƙosarwa, tana ba da ƙarfin aiki. Amma jikin yaro ba ƙarfi kaɗai yake nema ba. Gini ake yi masa: nama, jini, ƙashi. Abin da ke gina jiki shi likitoci suke kira furotin. Furotin kuwa haɗi ne na ƙananan abubuwa iri 20. Jikin mutum yana iya haɗa wasu da kansa, amma 9 daga ciki tilas sai daga cimaka za su fito. Biyu daga cikin 9 ɗin nan sun yi ƙaranci ƙwarai a masara. Sunansu lizin da tiriftofan. Ba sai an riƙe sunayen ba, aikinsu ne abin riƙewa.

A ɗauka magini yana da tubali dubu, amma azararsa ta ɗaki ɗaya ce. Ɗaki ɗaya zai rufe. Sauran tubalin suna nan a waje har ruwan damana ya narkar da su. Haka jiki yake yi da furotin ɗin masara. Yana gini daidai gwargwadon abin da ya yi ƙaranci, sauran ya tafi a banza. Babba mai cin wake da nono da ɗan nama jefi-jefi ba ya jin wannan rashi sosai. Wanda abin yake kayarwa shi ne yaron da aka cire daga mama, aka bar shi da kunu zalla. Cikinsa ƙarami ne, ba ya iya shan mai yawa. Sai girma ya tsaya. In abin ya yi tsanani, ga zawo ga cuta, sai tamowa ta kama shi: ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, yaro ya daina wasa. Wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana wannan ciwo a rubuce a 1933, bayan ta gan shi a ƙasar Gana a jikin yaran da ake yayewa da kokon masara.

A 1964 wasu malamai na jami'ar Purdue a Amurka, Edwin Mertz da abokan aikinsa, suka ba da labari mai daɗi. Sun gano wata irin masara da abubuwan nan biyu suka kusa ninka na sauran a cikinta. Aka yi ta murna. Aka kai irin ƙasashe, aka raba wa manoma. Manoma suka shuka, suka girbe, suka ƙi ta.

Kuma suna da gaskiya. Ƙwayar taushi gare ta kamar alli, ba ta da ƙyalli. Ba ta da nauyi, saboda haka gona ba ta ba da abin da ta saba. Ba ta bushewa da wuri, tana ruɓewa a kan kara. In an zuba ta a rumbu, ƙwari su far mata kafin sauran. Wane manomi ne zai yarda ya rage abin da zai ci da iyalinsa saboda wani amfani da idonsa ba ya gani? Wasu suna cewa talaka ba ya son sabon abu. Ba haka ba ne. Talaka ba shi da rumbu biyu, balle ya yi caca da ɗaya. Masu bincike da yawa suka saki aikin, suka kama wani.

A 1970 wani saurayi ɗan Indiya, Surinder Vasal, masanin haɗa irin masara, ya zo cibiyar. Aka haɗa shi aiki da Malama Eva. Ta girme shi da shekara 14. Suka raba aiki kamar yadda ta saba: shi gona, ita ɗakin gwaji.

An lura cewa a cikin masarar nan mai taushi, akan samu ƙwaya ɗaya-ɗaya da wani gefenta ya yi tauri. Dabarar ita ce a tsince waɗannan, a shuka, a haɗa su da juna, a sake tsince masu tauri daga cikin ƴaƴansu, a yi ta yi har ƙwaya ta koma kamar ta kowa. Wajen tsincewa, ana baza ƙwayoyin bisa gilashi da fitila a ƙarƙashi. Mai taushi haske ba ya ratsa ta. Mai tauri haske yana ratsa ta. Wadda ake nema ita ce ta tsakani, mai tauri amma da sauran ɗan duhu, alamar ba ta rabu da asalinta ba.

Amma akwai tarko. Ƙwaya tana iya yin tauri, ta yi kyan gani, alhali abin gina jikin da ake wahala dominsa ya ragu. Fitila ba ta nuna wannan. Ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Sai an auna. Awon kuwa a da yana da tsada, yana cin lokaci, kuma sai an niƙe tsabar. Tsabar da aka niƙe ta gama yawo. Ko an gano ita ce mafi kyau a duniya, ba mai iya shuka gari.

Nan hannun Malama Eva ya fito. Ita da ma'aikatanta suka tsara hanyoyin awo masu sauri da araha. Ana ɗibar ɗan kaɗan daga jikin ƙwaya, ba tare da an taɓa idon da ke tsirowa ba. A zuba wa ɗan garin nan magani, ruwan ya sauya launi. Ƙarfin launin shi ke faɗin yawan abin da ake nema. In ƙwaya ta ci jarrabawa, sai a miƙa wa Vasal ita, ya shuka. In ta faɗi, a ture ta gefe, komai kyanta. Kuma tilas amsa ta fito kafin lokacin shuka ya wuce, domin shuka ba ta jiran mai takarda. A shekara guda ɗakin gwajinta yakan auna samfuri har dubu 25.

Mai karatu ya tsaya ya lissafa wannan. Wadda ta taɓa zama da faifai tana tsince tsakuwa daga tiya ɗaya ta shinkafa ta san yadda ido yake gajiya, baya ya ƙage. Aikin da Malama Eva ta yi kenan, shekara bayan shekara, fiye da shekara 10. Ba wani abin mamaki da ya faru rana ɗaya. Kowace shuka ƙwaya tana ƙara tauri kaɗan, ita kuma tana tsare ƙofa kada amfanin ya sulale.

Zuwa tsakiyar shekarun 1980 aiki ya nuna. Aka samu masara mai tauri, mai ƙyalli, mai nauyi, mai zama a rumbu, mai ɗanɗano irin na kowace masara, ga kuma abubuwan nan biyu sun kusa ninka na masarar da aka saba. Aka yi mata laƙabi da haruffa uku, QPM, ma'ana masara mai ingancin furotin. Ba a ɗauko wani abu daga jikin wata halitta aka dasa mata ba. Zaɓe ne da haɗi kawai, irin wanda manomi yake yi in ya ware manyan zangarniyoyi ya rataye domin irin baɗi. Bambancin shi ne ita tana da hanyar ganin cikin ƙwaya.

Sai dai kafin su gama, iska ta juya. Manyan masana cimaka suka ce an cika zancen furotin. Suka ce babbar matsalar yaron talaka ita ce abincin gaba ɗaya ba ya isar sa. Akwai gaskiya cikin maganar. Amma ta sa masu ba da kuɗi suka ja baya. Malama Eva ta ajiye aiki a 1989, kuma ba da jimawa ba cibiyar ta jingine aikin na wasu shekaru. Wahalar shekara 20 ta kusa zama irin da aka manta a tulu.

Afirka ce ta buɗe tulun. A 1986 wani attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, da Borlaug, da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, sun kafa wani shiri na taimakon ƙananan manoma, Sasakawa Global 2000. Gana tana cikin ƙasashen da aka fara da su. Malama Eva ta zama mai ba shirin shawara bayan ta bar cibiyar. Malaman binciken noma na Kumasi, garin da ƴan ci-ranin ƙasar nan suka daɗe da sani, suka ɗauki irin, suka daidaita shi da ƙasarsu. A 1992 suka fitar da wata farar masara, suka raɗa mata suna Obatanpa. A harshensu ma'anarsa uwa ta gari mai shayarwa. Manoman Gana suka karɓe ta, domin tana yin tsaba, tana kuma yin tuwo. Daga nan ta bazu ƙasashen maƙwabta. A Najeriya cibiyar binciken noma ta Samaru, a Zariya, ta fitar da ita da sunan Sammaz 14.

An gwada ta ga yara a ƙasashe dabam-dabam. A 2010 wasu masana suka tattara sakamakon gwaje-gwajen wuri ɗaya. Suka ga ƙananan yara masu fama da ƙarancin cimaka, a wuraren da masara ce abinci, in an ba su wannan masara maimakon ta da, saurin ƙaruwar nauyinsu yana daɗuwa da kashi 12 cikin 100, na tsawonsu da kashi 9 cikin 100. Ba tsafi ba ne, ba kuma maganin kowace cuta ba ne. Amma uwar da take kai ɗanta awo gidan likita kowane wata, tana kallon allurar sikeli, ta san darajar wannan ɗan ƙari.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa mai son noma ta, a fadama ko a garka ko a bakin gulbi. Wannan masara ba ta son maƙwabtaka da wata masara. In iska ta kwaso bununi daga gonar masarar da aka saba, ta zuba bisa gemun wannan, ƙwayar da za ta fito ta rasa amfanin, kuma ido ba zai gane ba. Saboda haka a nisanta gonakin, ko a saɓa lokacin shuka. In za a ajiye iri, a ɗebo daga tsakiyar gona, kada a ɗebo daga gefe. Bayan ƴan shekaru a sabunta iri daga wajen malaman gona. Kaji suna ƙaruwa da ita ƙwarai. Shanu da tumaki da awaki kuwa ba su damu ba, domin tumbinsu yana haɗa musu abin da suka rasa. Makiyayi kada ya ɓata kuɗinsa yana nema wa bisashensa ita.

Wannan rashin alama shi ne raunin masarar har yau. An wahala domin ta yi kama da kowace masara, sai ga shi kamar ta zama matsala. Mai saye a kasuwar Maradi ko ta Gaya ba zai iya bambanta buhunta da na wata ba, saboda haka ba zai ƙara wa manomi ko dala ba. Shi ya sa ba ta bazu yadda aka so ba. A ƙasar da hatsi da dawa ne cimaka kuwa, a san cewa su ma lizin ɗinsu kaɗan ne. Wake yana da shi da yawa. Uwar da ta zuba garin wake ko ɗan nono cikin kunun ɗanta ta toshe wannan rami, ko da ba ta taɓa jin sunan Malama Eva ba.

A shekara ta 2000, a garin Des Moines na Amurka, aka ba Malama Eva da Surinder Vasal babbar kyautar abinci ta duniya. An fara ba da kyautar tun 1987, kuma duk waɗanda suka karɓa kafin nan maza ne. Ita ce mace ta farko. Ta kai shekara 75 a lokacin.

Amma waɗanda suka zauna da ita ba masara kaɗai suke tunawa ba. Malama ce ta gaske. Matasa masu bincike daga Afirka da Asiya da kudancin nahiyar Amurka sun zo ɗakin gwajinta sun koyi awo. Ta taimaka an kafa ɗakunan gwaji a wasu ƙasashe, domin kada kowa ya riƙa aiko da tsabarsa har Meksiko yana jiran amsa. Hanyoyin awon nata ta rubuta su, ta bayar. Akwai masu ilimin da suke ɓoye shi kamar laƙanin boka, su mutu da shi. Nata a fili yake, kuma da gangan ta sa shi ya yi araha, domin ƙasa matalauciya ta iya.

Sai kuma yaran tsuntsaye. Gonakin gwaji na cibiyar ba kamar sauran gonaki ba ne. Kunya ɗaya tana iya ɗauke da irin da aka yi shekaru ana zaɓe, wanda babu kamarsa ko'ina. In tsuntsaye suka sauka suka cinye, an koma baya. Saboda haka cibiyar tana ɗaukar samarin ƙauyukan kusa, suna tsaye a gona suna kora. Har suna aka yi musu, yaran tsuntsaye.

Ba manomin da bai san wannan aiki ba. Da hatsi ya fara ido, jan-baki ya taso kamar hadari, yaro ne a gona tun asuba, da majajjawa da gwangwani da kuwwa, har muryarsa ta dishe. Aiki ne mai amfani, ba a musu. Amma shi ne mafi ƙanƙanta a gona, kuma mai yin sa ba a tambayar ra'ayinsa. A ƙasar nan lakwal tana buɗewa a watan Oktoba, daidai lokacin da kaka ta kama. Yaro nawa ne suka makara shiga aji saboda tsuntsu da girbi, suka koma an wuce su, suka ji kunya, suka bari?

A cibiyar ta Meksiko akwai manyan daktoci daga ƙasashe da yawa, kowa yana wuce yaran nan safe da yamma. Malama Eva ta dube su, ta ga ƴan makaranta ne da rashin kuɗi ya tsayar a gona. Ta riƙe wani asusu na biyan kuɗin karatunsu, tana kula da shi, ga kuma aikin ɗakin gwaji a kanta. Ba wannan aka ɗauke ta yi ba, ba kuma saboda shi aka ba ta kyauta ba. Yaran da yawa sun ci gaba da karatu da kuɗin asusun nan, suka gama, suka zama ma'aikata masu sana'a a hannu. Da ta rasu ranar 24 ga watan Afrilu na 2017, cibiyar ta ba da sanarwar rasuwar, ta ambaci alkama, ta ambaci masara, ta kuma ambaci yaran tsuntsaye.